Kwas ɗin koyon aiki da injin zarto: ya cancanci kuɗinsa? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu yankan katako, masu gona da lambu, da masu ɗaukar ma'aikata suka fi yi kafin su fitar da kuɗin horo. A ko'ina muka ce "ƙarfen sarƙa", muna nufin dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a jikinsa.

A taƙaice, a biya ko kada a biya?

Ya danganta da aikin da za ka yi. Idan abin da ke gabanka bai wuce daddatsa gungumen da ke kwance a fili don itacen girki ba, horon yini ɗaya ko biyu a kan kula da inji da datsa ya wadatar, kuma kuɗinsa zai dawo ta sarƙa da fistin da ba ka lalata ba. Idan kuwa za ka riƙa kayar da bishiya a tsaye, ko ka taɓa wadda iska ta tumɓuke, to a biya, babu ja. Sharaɗi ɗaya ne: kwas ɗin ya zama na riƙe inji a hannu a gaban malami. Wanda za a zaunar da ku a aji a nuna hotuna a bango, da la'asar a raba takardar shaida, asarar kuɗi ne ko da kuwa araha ne.

Na shekara da shekaru ina yanka, ko ƙwarzane ban taɓa yi ba. Me za a koya mini?

Sarƙar inji tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda. Kuskuren da ke jawo rauni ba ya nuna kansa kullum. Mutum zai iya tayar da inji a iska, yana riƙe da hannu ɗaya yana fizgar igiya da ɗayan, sau dubu lafiya lau, sai ranar da sarƙa ta goga cinya. Daɗewa a sana'a tana ba da sauri da sanin itace, amma tana kuma kafe ɗabi'ar da aka gada daga oga, mai kyau da maras kyau. Abubuwan da malamai suka fi gyara wa tsofaffin hannu kaɗan ne kuma iri ɗaya: babban yatsan hagu da ake ɗorawa a saman mariƙi maimakon a naɗe shi ta ƙasa, tafiya da inji sarƙa na juyawa ba a sa birki ba, yanka sama da kafaɗa, da yanke bishiya gaba ɗaya ba a bar abin da zai riƙe ta ba. A Amurka, hukumar lafiya ta CDC ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 36,000 ne ake kaiwa sashen gaggawa duk shekara saboda raunin injin zarto, kuma wannan a ƙasar da kayan kariya ke ko'ina.

Mene ne harbin inji, kuma horo na hana shi?

A can ƙarshen ƙarfen sarƙa, inda sarƙa ke lanƙwasawa ta juyo ƙasa, kashin sama na wannan lanƙwasa shi ne wurin haɗari. Idan ya taɓa reshe, ko wani gungume da ke ɓoye a baya, ko ƙusa a jikin bishiya, haƙori yakan cije maimakon ya yanka, sai dukan ƙarfin inji ya wurgo ƙarfen sama da baya, saitin fuska da kafaɗar hagu. Abin yana faruwa cikin ɗan ɓangaren daƙiƙa, kafin hannu ya amsa umarnin ƙwaƙwalwa. Saboda haka ba a koyar da yadda za a kauce masa bayan ya taso. Tsayuwa da riƙo ake gyarawa tun kafin. A tsaya ɗan gefen hagu na layin yanka, kada kai ya zama saitin ƙarfe. Hannun hagu a miƙe, babban yatsa a naɗe. A shiga itace da cikakkiyar wuta, a kuma san inda ƙarshen ƙarfe yake a kowane lokaci. Bahago ma haka zai riƙe, dama a baya hagu a gaba, domin an ƙera injin ne a kan haka.

Akwai ƙannensa biyu. Yanka da ƙasan ƙarfe yana jan inji gaba, yanka da samansa yana turo shi kan mai riƙe. Wanda bai taɓa jin wannan turowar a hannunsa ba a gaban mai kula da shi, ranar farko da ta same shi a kan gangare za ta iya zaunar da shi ƙasa da inji a cinya.

Me ake koyarwa a kan kayar da bishiya?

Nan ne kuɗin horo ya fi fita. Kafin a tayar da inji ana zagaya bishiyar a duba ina ta karkata, ina nauyin rassa ya fi, akwai busasshen reshe da zai iya suɓucewa daga sama, gindin lafiyayye ne ko gara ta cinye cikinsa, iska daga ina take, akwai waya ko katanga ko hanya. A kogon tsohuwar bishiya a duba zuma. Ƙarar inji na tayar da ita, kuma mutum ba ya gudu da kyau da inji a hannu. Sai a share hanyar tsira guda biyu, kowace a karkace kusan digiri 45 ta bayan inda za ta faɗi. Duk wanda ba mai yanka ba ya tsaya nesa da aƙalla ninki biyu na tsawon bishiyar: idan mita 15 ce, kada kowa ya shigo cikin mita 30, har da yaran unguwa da ke taruwa kallo da mai gidan da ke son nuna inda za a yanka.

Yankan kansa kashi uku ne. A ɗauki bishiya mai kaurin santimita 40. Ana fara buɗe mata baki ta gefen da ake so ta faɗi, zurfinsa kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kaurinta, wato santimita 8 zuwa 10, kuma yankan sama da na ƙasa su haɗu daidai, kada ɗaya ya wuce ɗaya. Sai a koma baya a yanko a miƙe, daidai ko ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin. Ba a haɗe yankan biyu. Ana barin wani siririn itace a tsakani, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin bishiya, wato santimita 4 a nan, tsawonsa kuma kamar santimita 32. Wannan ragowar ita ce ke jan bishiya zuwa inda aka nufa kuma take hana gindi tsalle. Idan aka yanke ta, ko aka cinye gefe ɗaya, bishiya ta zama mai ra'ayin kanta. Da zarar yankan baya ya yi zurfin da zai ɗauka, sai a buga weji, wato abin tokare mai sirin baki da ake cusawa cikin yankan, na roba ko alminiyam, ba na ƙarfe ba, don kada bishiyar ta zauna a kan ƙarfen sarƙa. Tana fara motsi a sa birki a bi hanyar tsira, ido na kanta.

Bishiyar da ta karkata sosai gaba tana da nata sharrin. Idan aka yanko ta daga baya kamar yadda aka saba, tana iya tsagewa a tsaye tun ba a gama ba, ɓarin baya ya ɗaga da ƙarfi saitin haɓar mai yanka. Maganinta shi ne a soka ƙarfe ta tsakiya a fara daidaita ragowar, a bar ɗan maɗauri a baya, shi za a yanke a ƙarshe. Sokar ana fara ta ne da ƙasan ƙarshen ƙarfe, dab da wurin harbi, shi ya sa ba abin da mutum zai gwada shi kaɗai ba ne bayan ya kalli bidiyo.

Wadda ta faɗi ta maƙale a jikin wata kuwa, ba a shiga ƙarƙashinta, ba a hawa, ba a yanke wadda ta tare ta, ba a kuma kayar da ta uku a kanta. Ana juya ta da sanda ko a ja gindinta da igiya ko tarakta daga nesa. Idan ba hali, a killace wurin har a samo kayan aiki.

Ai wadda ta riga ta faɗi ba ta da haɗari?

Tana da shi, musamman a farkon damina lokacin da guguwa ke kayar da dalbejiya da turare a kan katangu. Gungumen da ya kwanta a kan tudu biyu, samansa a matse yake, ƙasansa a ja yake. Ka yanko daga sama kai tsaye, itace zai rufe ya cije ƙarfe. Wanda ƙarshensa ke lilo a iska kuma akasin haka ne. Ƙa'idar ita ce a fara ɗan yanka, kamar kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka, a gefen da ke matse, a ƙarasa daga gefen da ke ja. Reshen da nauyin bishiya ya lanƙwasa ya danne yana ɗauke da ƙarfin da zai karya ƙafa idan aka sake shi a yanka ɗaya. Ana rage shi ne da ƙananan yanka a cikin lanƙwasar. Bishiyar da ta tumɓuke da saiwarta, idan aka raba ta da gindi, tulin saiwa da ƙasa na iya komawa raminsa, don haka ba mai tsayawa a can baya. A kan gangare kuma kullum ta sama ake tsayawa.

Kula da inji fa? Wannan ba aikin makaniki ba ne?

Sarƙar da ta dakushe ita ke sa mutum ya danna da ƙarfi, ya gaji, hankalinsa ya rabu. Alamarta a ƙasa take: mai kaifi tana zubar da sassaƙe manya, dakusasshiya gari take fitarwa kamar dusa. Ana koya maka zaɓen magagari daidai da sarƙa: milimita 4.0 ga ƙananan sarƙoƙi, 4.8 ga mai lamba .325, 5.2 ko 5.5 ga mai 3/8 bisa ga kamfani, 5.5 ga .404 ta manyan injina. Kusurwar wasa yawanci digiri 30 ce ga datsa, kusan 10 ga sarƙar tsaga katako. Kowane haƙori a ba shi adadin shafa ɗaya da ɗan'uwansa, in ba haka ba inji zai riƙa yanka a karkace.

A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke iyakance zurfin cizo, yawanci milimita 0.65 ƙasa da bakin haƙori. Wasu na goge shi sosai wai don inji ya ƙara ci. Zai ci, amma zai riƙa fizga da girgiza, harbinsa kuma ya ƙara muni. Da ma'auni ake rage shi, ba da ido ba.

Ana ɗaure sarƙa ne inji na sanyi, ta kwanta a ƙasan ƙarfe ba ta lilo, amma a iya jan ta da hannu mai safa. Idan aka ƙara mata ɗauri tana da zafi, a sassauta bayan aiki, domin in ta huce takan tsuke ta matsa wa inji. Gaurayen mai a injinan Stihl da Husqvarna na yanzu kashi 50 ne da 1, wato mililita 100 na man 2T mai kyau a lita 5 na fetur. Wasu tsofaffi da masu araha suna neman 25 da 1, mililita 40 a kowace lita. A bi littafin injin. Baƙin man da aka juye daga mota ba man sarƙa ba ne: akwai ɓarɓashin ƙarfe a cikinsa da ke cinye famfon mai da ƙarfen sarƙa, kuma yana illa ga fata da huhu. Bayan zuba mai a matsa aƙalla mita 3 kafin a tayar. Lokacin hunturu filtar iska na toshewa da ƙura da wuri, a duba ta kullum. Yashin da ke maƙale a ɓawon gindi kuma yana kashe kaifi nan take, a kankare shi da gatari kafin a sa sarƙa.

Nawa ake biya, kuma kwana nawa ne?

A Birtaniya tsarin a fili yake. Dokar kayan aiki ta 1998 ta wajabta horo ga mai aiki da injin, kuma takardun shaida na hukumomin City & Guilds NPTC da Lantra ne aka fi sani. Matakin kula da inji da datsa yakan ɗauki kwana biyu. Idan aka haɗa da kayar da bishiyar da kaurinta bai wuce milimita 380 ba, kwana biyar, sannan jarrabawar aiki. Kuɗin ɗaruruwan fam ne. Manyan bishiyoyi, itacen da iska ta kayar, da hawa sama, kowanne kwas ɗinsa daban. A Jamus, dazuzzuka da yawa ba sa barin mutum ya shiga yankan itacen hura wuta sai ya nuna shaidar horo, wanda yawanci na yini ɗaya ko biyu ne. A Amurka dokar aikin gandun daji ta OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin horar da su har da taimakon gaggawa, kuma akwai shirin Game of Logging mai mataki huɗu, wanda ya samo asali daga koyarwar wani ɗan Suwidin, Soren Eriksson.

Ko a ina kake, lissafin iri ɗaya ne. Ka ɗora kuɗin kwas, kuɗin mota, da ribar kwanakin da za ka rasa a gefe guda. A ɗaya gefen ka sa farashin fistin da silinda idan inji ya ƙone saboda gaurayen mai, ƙarfen sarƙa da bishiya ta lanƙwasa, rufin kwano da katangar maƙwabci, kuɗin tiyata, da watannin da gida zai zauna ba mai nema. Raunin sarƙa ba kamar na wuƙa ba ne. Tana kwashe nama mai faɗin milimita shida zuwa tara ta cusa mai da garin katako a ciki, shi ya sa yake wahalar ɗinki kuma yake saurin ruɓa.

A Najeriya, Nijar ko Gana ina za a nufa?

Yawancin masu sana'ar a wajen oga suka koya, daga ɗaukar jarkar mai har a miƙa musu inji. Mai son horo na tsari zai iya fara tambaya a kwalejojin gandun daji na tarayya, kamar ta Afaka a Kaduna da ta Jos, ko a ma'aikatar gandun daji ta jiharsa, ko wajen dillalan da kamfanonin injin suka amince da su. Ƙungiyar masu yanka za ta iya haɗa kuɗi ta ɗauko malami guda ya zo inda suke aiki. Ya fi sauƙi, kuma ana koyo a kan irin itacen da ake yanka kullum, domin ƙirya da maɗaci ba sa amsa sarƙa kamar kuka.

A raba horo da izini. Takardar horo ba ta halatta maka sare bishiya. A Gana tun 1998 doka ta hana tsaga katakon sayarwa da injin zarto, kuma ana buƙatar yi wa injin rajista. A Kano gwamnati ta sanar a 2025 cewa ba a amfani da injin sai da izini. A je ofishin gandun daji a tambaya kafin a taɓa bishiya, ko da a gonar mutum take.

Ta yaya zan gane kwas na kirki tun kafin in biya?

Tambayi mutum nawa ne a hannun malami ɗaya. A wajen kayar da bishiya, huɗu ya yi. Sun wuce shida, kallo za ka yi. Tambayi bishiya nawa kai da kanka za ka kayar, da ko za ka kwance inji ka wasa sarƙa da hannunka. Tambayi ko ana faɗuwa jarrabawar. Inda kowa ke ci, ba a auna komai. Ka duba malamin: in ya tayar da inji ba hular kwano ba wandon kariya, ka karɓi kuɗinka. Ya kamata kuma ranar farko a faɗi asibiti mafi kusa da motar da za ta kai mutum.

Bidiyon YouTube ba zai wadatar ba?

Yana da amfani wajen wasa sarƙa da sanin sassan inji. Amma ba ya ganin inda ƙafarka take.

Kayan kariya sun yi tsada, ga zafi. Wanne ne dole?

Hular kwano mai ragar fuska da marufin kunne, wandon kariya, takalmi mai ƙarfe a baki, da safar hannu. Wandon ba sulke ba ne. A cikinsa akwai dogayen zare da sarƙa ke fizgowa su cushe giyar da ke juya ta, sai ta tsaya. Ana rubuta ajinsa a jiki: aji 1 an gwada shi a gudun mita 20 a daƙiƙa, aji 2 a 24, aji 3 a 28. Wanda sarƙa ta taɓa sau ɗaya ya gama aiki, ba a kai shi wajen tela. A yankin zafi, mai kariya ta gaba kawai ko wanda ake ɗaurawa a kan wando ya fi sauƙin sawa ga mai aiki a ƙasa. A fara da sassafe, a huta da rana, a sha ruwa. Ƙarar injin ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa idan aka daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Riga mai faɗi, rawani mai jela da silifas ba su da wuri kusa da sarƙa. Idan kuɗin bai kai a yi duka lokaci ɗaya ba, a fara da hula da wando kafin a sayi babban inji.

Injina ba shi da birkin sarƙa. Zan iya zuwa da shi?

Tsofaffin manyan injina irin Stihl 070 da yawancin kwaikwayonsu haka suke, kuma malamin kirki ba zai koyar da sabon hannu da su ba. Birkin shi ne ke tsayar da sarƙa idan inji ya harbo, ko ta bugun hannun hagu ko ta fizgar kanta. A injin da ke da shi, a gwada kowace safiya: a ba da wuta, a tura marikin gaba da bayan hannu, sarƙa ta tsaya nan take. A duba kuma ƙugiyar da ke cafke sarƙa in ta tsinke, da makullin maƙura, sannan a tabbata sarƙa ba ta motsi idan inji na sulo.

Kwas ɗin farko ya isa in hau bishiya in rage rassa?

Bai isa ba. Hawa aiki ne na igiya da ɗamara da mutum na biyu a ƙasa wanda ya iya sauko da mai rauni. Ba a yanka daga kan tsani, domin reshe in ya faɗo tsanin yake fara dokewa. Ƙananan injinan da mariƙinsu ke sama na masu wannan horon ne kawai. Bishiyar da ke kusa da wayar wuta kuwa, sai kamfanin wuta ya kashe layin. Ɗanyen reshe na ɗaukar wuta.

Idan rauni ya faru fa?

Kwas nagari yana haɗawa da wannan. A kashe inji, a danna wurin da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta, kada a ɗaga ana leƙawa. Idan jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma danna bai tsayar da shi ba, a ɗaure da maɗauri mai faɗi, a nisan santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a matse har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kada a kwance sai a asibiti. Babbar jijiyar cinya na iya zubar da jinin mutum cikin 'yan mintuna, don haka bandeji a aljihun mai yanka yake zama, ba a mota ba. Kada a zuba ƙasa, toka, fetur ko man birki. Yatsan da ya cire a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar a ruwan ƙanƙara. A nemi allurar tetanus. Kuma ba a zuwa yanka mutum ɗaya.

Sau ɗaya ake yi shi ke nan?

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana ba da shawarar sabuntawa duk shekara biyar ga mai yi kullum, duk shekara biyu zuwa uku ga mai taɓawa jefi-jefi, domin shi ne hannunsa ya fi saurin mantuwa. Ana kuma komawa idan an canza zuwa babban inji, ko za a fara kayar da bishiyar da kaurinta ya fi tsawon ƙarfen sarƙa.